Kwalin Yaya Sale

Da ana mayar da rana baya, da na koma wata Juma'a guda, ta farko bayan Babbar Sallah, ina ɗan shekara tara, na kama bakina. A ranar ce na tari Baba a bakin lungunmu na unguwar Sa'alaba, a nan birnin bakin teku da alhazai ke sauka, yana dawowa daga masallaci da darduma a kafaɗa, na yi wa yayana ƙarya.

Yaya Sale ya girme ni da shekara uku. Yana da i'ina mai tsanani, har malaminmu ya daina tambayarsa a aji, yara kuma suna kwaikwayonsa in an aike shi sayen burodi. Amma Allah ya ba shi hannu. A lokacin akwai wani fili mai katanga a unguwar Bagdadiyya inda ake nuna fim, mai injin yakan zubar da guntayen fim ɗin da ya yanke. In mun kai wa Inna ƙosanta bakin kasuwa, mun cika randa, mun ba awaki ruwa, sai Sale ya taka har can, duk nisan nan, ya tsinto su. Ya sami kwalin madara, ya fafe mataccen ƙwan lantarki ya cika shi da ruwa ya sa a cikin kwalin don ya ƙara wa hoto girma, ya toshe tagar ɗakin gawayi da buhu, ya bar 'yar kafa. Ni ne mai riƙe madubin Inna a tsakar gida, ina tura hasken rana ta kafar, hoto ya faɗa jikin farin zane. Hotunan ba sa motsi, ba su ma haɗa dangi ba: doki, jirgin ruwa, wani mai gashin baki. Sale ne ke ɗinke su da bakinsa. In ya shiga duhun nan yana muryar mai gashin baki, harshensa ba ya sarƙewa ko sau ɗaya, masu tsokanarsa kuwa su zauna tsit.

Ni ina rana, zufa na shiga idona, sai dariya nake jiyowa ta bango. Na roƙe shi ya ba wani madubin. Ya ce, "Ha-hannunka ne ba ya rawa, Ali. Bari mu gama kashi na biyu, in nuna maka kai kaɗai." Na ɗauka wayo yake mini. Shi ya sa na ce wa Baba Sale yana tara yara a duhu yana nuna musu matan banza. Wallahi babu mace ko ɗaya, ni nake taya shi jera su. Baba bai yi bincike ba. Ya take kwalin a gaban yaran, ya watsa guntayen a murhu, suka kama fuu. Sale ya buɗe baki zai yi bayani, kalmar ta ƙi fita, wani yaro ya tuntsire da dariya.

Daga ranar ya koma shiru. Ya bar makaranta ya koyi ɗinki, daga baya ya tafi Maraɗi wurin kawunmu, a can ya zauna. Duk alhajin da zai zo daga garin, sai ya ba shi hula ɗinkin hannunsa ya kawo mini. Sau nawa na ɗauki alƙalami zan rubuta masa gaskiya, in ce ai abin yara ne, in ajiye.

Watan jiya jikata Hanan ta ja ni gidan sinima a hanyar Abhur, ga sanyi, ga kujera kamar gado. Fim ne da Sifaniyanci, kashi na biyu, tana karanta mini Larabcin da ke ƙasa. Wasu tsofaffin abokai ne da suka ɓata, suka dawo su ƙarasa fim ɗin da suka bari, suna ta shirme, jama'a na ta dariya. Ta leƙo fuskata ta ce, "Jaddi, lesh, don me kake kuka? Na dariya ne fa!" Na ce mata sanyin ne ya shiga idona.

Yau yaro zai yi fim da wayar hannu, uba ya zauna ya kalla yana tafa masa. Ku da naku ke raye, kada ku yi irin tawa. In ka yi wa ɗan'uwanka ƙarya, je ka faɗa masa tun yana ji. Ni na tsaya jiran lokacin da ya dace, har aka kai Sale makwancinsa.