Aljihu a Dama

Shekara arba'in da 'yan kai na yi ina ɗaukar hoto a Kaura Namoda, a wani ɗan shago kusa da tashar jirgi. Karatuna bai wuce firamare ba, amma idona da hannuna sun iya aiki, wannan ba zan ɓoye ba. Daga Banga har Shinkafi, in ana biki aka ce a nemo mai hoto, ni ake nufi. Ni ke ɗauka, ni ke wankewa a ɗakin duhu da na keɓe a bayan shago. Abin da zan faɗa ya faru ne a shekarun da aka bar fam da sule aka koma naira, kuma shi ne babban laifin da na yi a sana'ata.

Angon direban babbar mota ne da ke kwasar gero zuwa kasuwar Shinkafi. Amaryar kuwa 'yar Dauran ce, ɗiyar fari ta wani dattijo manomi. Saboda kunyar ɗiyar fari, uban bai fito wurin taro ba, ya zauna cikin zaurensa. Sai ya ba ƙanensa Alƙur'anin da mahaifinsu ya rubuta da hannunsa, cikin tsohuwar gafakar fata, ya ce a ba ango. Ƙanen ya miƙa da hannu biyu. Ango ya durƙusa cikin babbar rigarsa, ya dafa ƙasa da hagu, ya miƙa dama ya karɓa. Nan na danna kyamara. Tun a lokacin na san na sami hoto.

Fim yana da fuska biyu, ɗaya mai sheƙi, ɗaya maras sheƙi. In ka kifa shi a injin buga hoto, komai zai fito tsaf, sai dai dama ta koma hagu. Ranar da na wanke fim ɗin, hotunan biki uku ne a gabana, ga zafin bazara, ga gumi na shiga mini ido. Na kifa shi ban lura ba. Na buga shi babba, na sa a gilashi. Ango ya zo ya duba fuskarsa ya ga ta yi kyau, ya yi murna, ya aika wa surukinsa.

Bayan mako biyu angon ya dawo da hoton a hammata, fuskarsa ba walwala.

"Mai hoto, don Allah duba min wanga abu. Da wane hannu na karɓa?"

Ya gaya mini cewa dattijon na ganin hoton ya aiko aka karɓe Alƙur'anin. Ya ce littafin ubansa ba zai zauna gidan wanda ya karɓe shi da hannun tsarki ba. Da ango ya je gaisuwa, ya durƙusa a ƙofar zaure har ƙafarsa ta yi tsami, ba a amsa ba. Amarya kuma kullum cikin kuka. Abin da ya ƙara dagula lamarin, shi bahago ne tun yana yaro, da duka aka koya masa cin tuwo da dama, kuma kowa ya sani. Waɗanda suka halarci bikin ma da suka ga hoton sai suka fara cewa ai kamar sun tuna.

Ina kallon hoton na gane abin da na yi. Amma a shagon akwai mutum uku da suka zo hoton fasfo na zuwa Makka, duk sun kasa kunne. Sai na ji bakina ya ce, "Direba, hoto ba ya ƙarya. Abin da kyamara ta gani shi ta kawo."

Ya kalli hannunsa na hagu, yana juya shi. "To, ƙila tsohon hali ne ya dawo ban sani ba," in ji shi. Ya ajiye hoton a kan teburina ya fita. Na sa mutum ya yi shakkar hannunsa don kada mutum uku su ji na yi kuskure. Allah ya yafe mini.

Na jingina hoton a bango, fuskarsa ciki. Bayan kwana huɗu maƙwabcina maɗinki, wanda ya yi wa angon aikin rigar, ya shigo aron almakashi. Mutum ne mai taɓa duk abin da ya gani. Ya juya hoton ya tsaya.

"Kai, mai hoto! Rigar wa ce wannan?"

"Taka ce mana. Ka manta aikinka?"

"Tawa? Shekara talatin ina ɗinki, ka taɓa ganin na sa aljihu da aikin aska a dama? Ko mahaukacin tasha ba ya sa riga haka. Mi ka yi wa rigata?"

Na ce ƙila juya ta ya yi. Ya fashe da dariya. "Ango ya juya riga ranar aurensa, ba wanda ya gani sai kyamararka? In kai ba ka jin kunya, ni ina ji. Mutanen Dauran za su ce tsufa ya kama ni."

Da ya fita na ciro fim ɗin daga ambulan, na shiga ɗakin duhu na sake bugawa daidai. Wannan bai ɗauke ni rabin sa'a ba. Abin da ya yi mini wuya shi ne shiga mota.

Washegari na nemi direban a tasha na ce ya zo mu je Dauran. Na gaya masa gaskiya tun kafin mu fita gari. Bai zage ni ba har muka isa. Da ma zagin ya yi.

Muka tarar da dattijon a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya, da ƙanensa da wasu maƙwabta. Na gaishe shi, na ajiye hotuna biyu a kan tabarma.

"Baba, ni ne mai hoton. Ɗaya gaskiya ne, ɗaya kuskurena. Yaronka da dama ya karɓa. Ya zo ya tambaye ni, na sani, na yi masa ƙarya."

Ya duba wannan, ya duba wancan. "To, yanzu wanne za ni yarda da shi? Duk kai ka yi su."

Na ɗaga fim ɗin a rana na nuna masa, na juya, na sake juyawa, hannun na komawa nan da can. Bai gamsu ba, ya ce wannan ai siddabaru ne. Sai na ce, "Baba, bar fim. Dubi rigarka. Ina aljihunka yake?" Ya dafa ƙirjinsa na hagu. Na sa yatsa a kan hoton farko. Ya sunkuya sosai, ya daɗe. Ƙanen ya leƙo ya ce, "Af! Ni ma ga nawa aljihun a dama. Yaya, ashe ni ma bahago ne ban sani ba."

Maƙwabta suka yi dariya. Dattijon bai yi ba. Ya tashi ya shiga gida, ya fito da gafakar. Ya tsaya gaban surukinsa, wanda ke durƙushe nesa tun isowarmu, ya ce, "Ka iso lahiya? Ya iyali?" Sannan ya miƙa. Direban ya sa hannu biyu ya karɓa.

Ni kuwa ya ce mini, "Kai ka yi ɓarna, amma ka zo da ƙafarka." Ya sa aka kawo mini fura.

Labarin ya riga ni komawa Kaura. Kusan shekara direbobi na kirana mai aljihu a dama, ina amsawa. Amma daga ranar ban sake barin hoton biki ya fita shagona ba sai na zaunar da ango mun duba tare, hannu, aljihu, gefen da hula ta karye. Fim ɗin kowane biki yana ambulan ɗinsa, ko bayan shekara goma aka zo da magana zan ciro shi a duba a rana. Yaran da direban ya haifa duk ni na ɗauki hoton aurensu, uku a Kaura, ɗaya a Birnin Tsaba. Kowane karo in ya zo karɓa, sai ya ɗaga hoton, ya dafa ƙirjinsa na hagu, ya kalle ni, sannan ya ce a naɗe masa.