Tashar da Inna ke kira Sanda

A gidanmu na Kurayyat ba a wuni ba a ji jirgi ba. Da hantsi na sama ne ke ratsa kan rufinmu zai sauka filin da ke tsakiyar gari a wancan lokacin, da la'asar kuma in iska ta juyo daga teku sai mu ji kukan na ruwa daga tashar jiragen. Mu da aka haifa a Jidda kowanne da sunansa muke kiransa, wannan ɗayyara, wancan bakhira. Inna kuwa duk jirgi take ce musu, amma in ta ce jirgi ba ta ƙara komai ba, na ruwa take nufi, don shi ne ya tsallako da ita.

Wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da saba'in Baba ya rasu. Inna ta gama takaba, ta ci gaba da suyar gyaɗarta a ƙofar gida kamar da, har muka ɗauka ta zauna ke nan. Ran nan muna cin abinci ta ce gida za ta koma, can ƙauyensu na ƙasar Damagaram inda ƙannenta suke, mu nemo mata jirgi. Yayata, wadda ke aure a Waziriyya, mace ce mai saurin aiki fiye da saurin saurare. Kafin sati ya zagayo ta sa mijinta ya tambayo komai na jirgin sama zuwa Kano, ta zo tana murna tana cewa sa'o'i kaɗan ne, a ci abincin rana a Jidda a yi magariba a can. Inna ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta ce ita jirgi ta ce, ba ta ce na sama ba.

Dukanmu mun san dalili, ita ma Yaya ta sani, so ta yi kawai a yi kamar an manta. Iyayenmu ta ƙasa suka zo, suna tafe suna tsayawa noma da cirar auduga, har suka kai Lubayya a Sudan, inda suka hau jirgin ƙasa zuwa bakin teku. A cikin jirgin nan zazzaɓi ya kashe musu ɗan fari, yaro da bai daɗe da fara tafiya ba. Jirgin ya tsaya a wata ƙaramar tasha yana jiran wani ya wuce, maza suka sauka da Baba suka yi wa yaron sutura a gaggauce. Inna tana cikin jirgin, ita ma jikin ba daɗi. Ta leƙa ta taga, ta nuna wa wata Basudaniya ƙasa da yatsa tana tambayarta da Hausa nan ina ne. Matar ta ce mata sanda. Kalmar ba ta yi mata wuyar riƙewa ba tunda akwai ta a bakinmu, sai ta riƙe ta shekara da shekaru.

Kunyar ɗan fari ba ta bar Inna ba ko da ya mutu. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba, Baba ma haka, sai dai ta ce yayanku na Sanda. Dama ita ba mai kiran sunan 'ya'ya ba ce, ni Auta take ce mini tun ban san kaina ba. To yanzu za a buga mata khuruj niha'i, wato fita ba dawowa, a karɓe iƙamarta, takardar izinin zama. Sau ɗaya ya rage mata ta bi ta hanyar nan a duniya, kuma ta ce ba za ta wuce ta saman ɗanta tana cin shinkafa a ɗan faranti ba.

Shirin tafiyar a kaina ya faɗo, ni ne namiji, ni zan raka ta. Ina aiki a wani shagon kayan mota a Sharafiyya. Kafilina, wato maigidana a shagon, da ya ji hanyar da za mu bi sai da ya cire tabarau ya dube ni da kyau, ya ce mahaukaci ne kaɗai ke barin tafiyar yini ya ɗauki ta wata guda. Ya yi mitarsa ya gaji, ya ba ni hutu. Daga nan duk ranar da na tashi da wuri sai in nufi ofisoshin wakilan jiragen ruwa da ke kusa da tasha. Wannan ya ce Talata jirgin Bur Sudan ke tashi, na kusa da shi ya rantse Alhamis ne, na uku ya ce in dawo gobe in Allah ya so. Ni kuma ba ni da haƙuri, na sha fitowa ina zage-zage da Larabci a kan titi. Labarin jirgin ƙasa kuwa babu ofishin da ke da shi, sai wurin masu shayi inda 'yan Sudan ke zama, kowa da nasa, kuma kowa ya fi kowa sani.

Na sayo taswirar Sudan a kantin littattafai. Bayan la'asar sai mu shimfiɗa ta a tabarma, Inna ta danne kusurwoyin da kofunan shayi don kada fanka ta ɗauke. Ba ta iya karatu ba, ni nake bin baƙin layin da yatsa ina karanta mata garuruwan: Bur Sudan, Kasala, Sinnar, Kosti, Lubayya. Daga can sai manyan motoci zuwa Abeshe da Njamena, sai Maiduguri inda za mu sake samun jirgin ƙasa zuwa Kano. Duk sunan da na karanta sai ya tono mata labari. Nan ne suka yi damina biyu, can ne wata mata ta koya mata gasa kisira, wainar 'yan Sudan, tana ƙona yatsu, can kuma Baba ya sayar da rigarsa ta aure. Tun da nake ban taɓa jin Inna ta yi magana mai tsawo kamar a makonnin nan ba, har dariya take yi tana kwaikwayon Larabcinta na farko. Ina kewar waɗannan yammacin fiye da komai na ƙuruciyata. Abu ɗaya ne na kasa samu a taswirar, Sanda. Na bi layin gaba da baya ban gan ta ba, na ce mata masu zanen ba sa damuwa da ƙananan tashoshi, ta ce ai kuwa ƙarama ce ƙwarai.

Gidan ya cika da ƙanshin guzuri. Ta yi dambun nama, ta yi ƙuli-ƙuli da dakuwa, ta daka garin kunu ta ƙulle a tsumma. A gefe ɗaya kuma ta ajiye wata 'yar kwalba ta zamzam da ta naɗe a ɗankwali, ba ta bari kowa ya taɓa. Wannan ta kabarin ce, za ta zuba masa da hannunta.

Da Yaya ta ga ba za ta ci nasara ba, sai ta ce to mu zo mu ga surukinta, aƙalla a yi abin da ilimi. Tsoho ne Bahaushen Sudan, can aka haife shi, ya yi samartakarsa yana sayar da goro a cikin jiragen ƙasa kafin ya tsallako. Muka je Waziriyya ranar Juma'a bayan an sauko. Ya ji daɗin tambayar sosai, ya gyara zama, ya yi ta zuba da Hausarsa mai gauraye da Larabci. Ya ce kada mu kuskura mu tafi da damina, ruwa kan wanke layin a kwana a daji. Ya ce mu riƙe ruwan sha da yawa, mu kama wurin taga tun daga Bur Sudan, kada kuma in yarda in hau rufin jirgi ko da na ga samari suna yi. Inna tana daga gefe tana jira ya numfasa.

Ta ce, “Alhaji, shin jirgin yana daɗewa a Sanda? Ina so in sauka.”

Ya ce, “Wace sandar, Hajiya?”

Ta ce Sanda dai, ƙaramar tashar nan mai ɗaki ɗaya da itace a bayanta.

Tsohon ya yi murmushi, bai san abin da ke ƙasa ba. Ya ce ai a bakin 'yan Sudan duk ƙaramar tashar da jirgi ke ɗan tsayawa sanda ake ce mata, ba sunan gari ba ne. Daga bakin teku zuwa Lubayya ba su ƙirguwa, kuma kusan kowacce ɗaki ɗaya ne da itace. Yaya ta sunkuya ta yi masa magana a kunne, murmushin ya ɓace. Ya shiga neman gyara, yana tambayarta ko kafin babbar gadar Kosti ne ko bayanta, ko ƙasar wurin ja ce ko baƙa. Inna ta ce ba ta sani ba, zazzaɓi ne a jikinta ranar. Ta yi masa godiya, ta ja mayafinta.

A mota Inna ta juya fuskarta ga titi. Ni kuwa raina ya ɓaci da kowa, da tsohon da ya faɗi gaskiya, da Basudaniyar da ban taɓa gani ba, har da Baba a kabarinsa. Baba ya iya Larabci daga baya, ya zauna da 'yan Sudan shekaru. Har yau ina zargin ya gano abin tuntuni, ya bar ta da Sandarta don ya ga ita ce ke riƙe da ita. Ranar na ji haushinsa, yanzu da na tsufa ban san ko ni ma ba haka zan yi ba.

Washegari Yaya ta zo da sassafe. Ta zauna kusa da Inna ta riƙe mata hannu, ta ce, “Halas, shi ke nan, ya ummi, tunda wurin ba a san shi ba, me za a je a wahala a kai? Addu'a tana isa daga ko'ina.” Gaskiya ta faɗa, ni ma a zuciyata na fara naɗe taswirar. Inna ta tashi ta ɗauko 'yar kwalbar nan, ta kwance ɗankwalin, ta duba ta, ta ajiye. Sai ta ce mini in je Makka ran hutuna in ciko mata babbar jarka.

Ta ce, “In duk sanda ne, ai yana ɗaya daga cikinsu. Jirgin ba ta kowacce yake bi ba?”

Haka muka tafi, bayan damina ta ɗauke. Jirgin ruwan bai tashi Talata ba, bai tashi Alhamis ba, ya tashi ranar da ya ga dama. Inna ta tsaya a bayansa tana kallon Jidda har fararen gine-ginen suka nutse, ba ta yi kuka ba, ni ne na yi ta share ido ina cewa iskar gishiri ce. A Bur Sudan na yi kokawa na kama mata taga kamar yadda tsohon ya ce, na tura jarkar ƙarƙashin kujera tsakanin ƙafafunta.

Duk inda jirgin ya rage gudu sai ta gyara mayafi. In babban gari ne ta zauna abinta. In ɗaki ɗaya ne a fili, sai ta tsiyaya zamzam a murfin jarkar, ta miƙa hannu ta taga ta zuba a ƙasa, ta yi sallama, ta ɗaga hannu. Da farko matan da ke kusa da mu kallonta suke yi, har ɗaya ta tambaye ni na gaya mata. Daga nan suka karɓe mini aikin. In gyangyaɗi ya ɗauke ta sai su taɓa gwiwarta su ce, sanda ya hajja, wasu ma su ɗaga hannu tare da ita. Waɗanda suka sauka a hanya sukan bar wa sababbin shiga labarin. Na daina jin haushin ƙura da zafi da tsayuwar da ba ta da dalili, har na koma jin tsoron kada direba ya wuce wata bai tsaya ba.

Muka ƙetare gadar Kosti, ƙasa ta koma rairayi, ruwan jarkar yana ta ja baya. Wata rana da hantsi jirgin ya tsaya a wani wuri da bai bambanta da sauran ba, wani mutum a bayanmu ya ce daga wannan sai Lubayya. Inna ba ta nemi murfi ba. Ta ɗaga jarkar da hannu biyu ta ɗora a bakin taga, ta juye abin da ya rage gaba ɗaya. Sannan ta leƙa waje, ta kira suna da ƙarfi, irin kiran da uwa ke yi wa yaron da ya yi nisa da wasa.

Sunana ne, na yanka, wanda ke rubuce a iƙamata, wanda ban taɓa ji a bakinta ba.

Kafin in yi tunani na ce, “Na'am.”

Ba ta juyo ba. Sai da jirgin ya motsa, ɗakin da itacen suka koma baya, sannan ta zauna, ta miƙo mini jarkar ba komai a ciki.

Ta ce, “Ba da kai nake ba, Auta.”