Kawu Mai Gora da Tsohuwar Tasha

Kawuna, yayan mahaifiyata, shekara talatin da huɗu ya yi yana auna zurfin kogi a tashar jiragen ruwa. Kullum da safe sai ya shiga kwalekwale da doguwar gorarsa mai zanen jan fenti, ya bi hanyar jirage yana caka ta, inda ya ga yashi ya taru ya kafa turke. Shi ya sa har gwaggo, matarsa, Mai Gora take ce masa.

Matsaya uku ce a tashar a zamaninsa: ta gishiri daga arewa inda gaɓa ta yi tudu, ta auduga a tsakiya, sai ta fasinja can ƙasa kusa da kasuwa. Yakan ce ko an rufe masa ido zai gane kowacce da warinta. 'Yan dako kuwa sun fi ɗari, ba ka jin maganar na kusa da kai.

Da aka gina gada, manyan motoci suka kwashe kayan, jirage suka ɗauke ƙafa. Kogin ma ya yi ta ja da baya har ya bar matakalar siminti tana sauka cikin ciyawa. Sito-siton tashar suka koma garejin kanikawa, Kawu ya koma gida, bai ƙara bi ta wurin ba.

Bara wani bakanike yana haƙa ramin duba mota ya ci karo da anka, ƙarfen da ake jefawa a tsayar da jirgi. Aka rasa wanda ya san tarihinta, aka aiko gidanmu. Ni na kai Kawu, yana ta mita cewa gwiwoyinsa ba na haya ba ne.

Ya tsugunna ya kankare tsatsar da ɗan makulli. Sannan ya ce ta jirgin audugar da ya kafe a yashi ce, wanda ya yi rani guda a nan, aka kori matuƙinsa.

"Laifina ne," in ji shi. "Ranar gwaggonki na naƙuda, ban fita awo ba. Na ce masa ruwa na nan kamar jiya."

Ban taɓa jin wannan ba, gwaggo ma haka. Da na gaya mata, sai ta ce ai da ya tambaye ta, da ta kore shi ya tafi aikinsa, don ba abin da ya tsinana mata sai safa da marwa a tsakar gida.

Kanikawan sun jingine ankar a bakin gareji, suka ajiye masa benci. Yanzu kusan kullum da la'asar yana can, yana nuna wa masu jiran gyara inda ruwa yake kaiwa a da.