Zuliha Ungozoma da Saiwar Bakin Tabki

Zuliha ungozoma ce a wani ƙauye na ƙasar Gouna, aikin da ta gada wajen uwarta. Abu guda ne ya kuɓuce mata: wata saiwa da tsohuwar kan tono a bakin tabki, ta jiƙa wa mai jego in jini ya ƙi tsayawa. Ba ta taɓa faɗin sunanta ba, sai dai ta ce “ta bakin tabki”. Da gujiya ta yi daraja, maza suka nome wurin har gaɓar ruwa. Tsohuwa ta rasu, tsiron ma ya ɓace.

Abin bai dami Zuliha ba sai da ɗiyarta Kande ta yi haihuwar fari, ta zubar da jini har ta suma, da ƙyar ta tashi. Bayan shekara biyu, Zuliha ta dubi fuskar Kande ta gane wani cikin ya shiga.

Ta shiga nema. Abin da take tunawa kaɗan ne: ganye mai gashi-gashi, saiwa kamar tumuku mai jan ruwa in an karya, da ɗan farin fure mai jan ciki. A kasuwar Mirriya masu magani suka yi ta nuna mata albasar kwaɗi, tana girgiza kai. Ta taka har Zangon Damagaram a ƙasa, tana tambayar fatake, wasu na cewa matar nan ta taɓu.

Wani tsohon Babarbare mai fataucin kanwa, Modu, shi ya saurare ta har ta gama.

“Na san ta,” in ji shi. “Akwai ta a kwarin garinmu, can gabas. Amma baiwar Allah, tana da ’yar’uwa mai kashe raƙumi. Ganyensu ɗaya, saiwarsu ɗaya. Fure kaɗai ke raba su. In cikinsa rawaya ne, ko akuyarki kada ki ba.”

“Baba, kawo mini ko wacce ce. Ni zan jira furen.”

Bayan wata biyu ya kawo mata saiwa uku a ƙunshin fata. Da rani ya tono su, babu fure, shi ma bai san ko wacce ce ba. Ta dasa su bayan ɗaki. Ta farko ta ruɓe don yawan ban ruwa. Ta biyu gara ta cinye. Ta ukun Zuliha ta sa ta a fasasshen tulu, ta gauraya yashi da laka ta tabki, ta kewaye da ƙaya. Da damina ta faɗi, saiwar ta yi ganye biyar, ta fid da ƙullin fure, ya tsaya ya ƙi buɗewa.

Naƙuda ta kama Kande ranar wata Laraba da hantsi. Ɗa ya faɗo lafiya, jini kuwa ya ɓalle. Zuliha ta ruga bayan ɗaki, ta tsaga ƙullin da farce. Cikinsa kore ne shar, bai nuna ja ba, bai nuna rawaya ba. Ta tone gefen saiwar, ta riƙe wuƙa.

Daga ɗaki Kande ta ce, “Inna, ba ni kawai.”

“In na ba ki ajalinki da hannuna fa?”

Ba ta yanka ba. Aka ɗauki Kande a kan ƙyaure zuwa bakin hanya, aka tsai da kamyon, babbar motar ɗaukar gujiya, mai zuwa Damagaram, ko a kai ta likita. Ba su kai rabin hanya ba rai ya yi halinsa.

Kwana tara bayan haka wani sabon ƙulli ya fito ya buɗe, cikinsa ja zur. Zuliha ta zauna gaban tulun, jikanta a cinya, har rana ta karkata. Maƙwabciyarta Talatu ta ce a tuge tsiron a yar, Zuliha ta hana.

Ta ci gaba da renonsa. Kowace bazara takan raba saiwar ta ƙara tulu. Shekarar da aka samu ’yancin kai, tuluna goma sha huɗu ne a bayan ɗakinta, ungozomomi na zuwa daga ƙauyuka suna karɓa. Cikin matan da aka jiƙa wa, wasu sun tashi, wasu ba su tashi ba. In an tambaye ta ko saiwar za ta ceci Kande da ta ba ta, sai ta ce ita ma tambayar da take yi wa kanta ke nan.