Dutsen da Malam Sahabi ya ajiye a kwanar Gwashi

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana, Malam Sahabi, wanda ya koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Gummi. Ciwon ciki ne ya ɗauke shi, a ɗakin Inna a ƙauyenmu, a zamanin da mutum kan hau babur daga Bukkuyum zuwa Adabka bayan la'asar ba tare da ya nemi gafarar iyalinsa ba.

Ni ma na zauna a ajinsa. Ba ya son allo. Sai ya fitar da mu gindin tsamiya, ya zana duniya da tsinke a ƙasa. Ya nuna mana Nijar da ba ta da teku, kayanta sai sun bi ta ƙofar maƙwabta. Ya nuna wata siririyar mashigar ruwa a ƙasar Larabawa inda jiragen mai ke wucewa, ya ɗora ƙafa a kai, ya ce wanda ya taka nan ya taka wuyan duniya.

Wata rana ya share duniyar da tafin hannu, ya zana Anka, Gummi, Bukkuyum, gulbi, da dajin da ke tsakani. Ya tsinto duwatsu, ya ajiye ɗaya a mashigar gulbi, ɗaya a wata kwana a hanyar Gwashi, ɗaya a bakin ramukan zinari.

"Wanga daji ba shi da mai shi," in ji shi. "Ranar da ya samu, sai kun nemi izini kafin ku tafi gonakinku."

Muka yi dariya. Wata ɗaliba ta ce, "Malam, wa zai so daji?" Ya tsaya yana kallon duwatsun har aka kaɗa ƙararrawa.

Bara 'yan bindiga suka tare motarmu, suka kwantar da mu rub da ciki. Fuskata na cikin ƙasa na gane wurin. Kwanar nan ce ta hanyar Gwashi. Na ji kamar Malam yana tsaye a kaina da tsinkensa. Suka tafi da mutum biyu, suka bar sauranmu. Ɗaya ya dawo.

Da yana raye, ba na jin zai yi murnar cewa maganarsa ta fito. Ina jin tambayar ɗalibarsa zai sake juyawa a ransa, ya rasa yadda zai amsa wa yara ba tare da ya tsorata su ba.

Bai bar gadon gida ba, bai bar na gona ba. Ya bar ɗalibai masu kallon tudu da kwazazzabo su san wa zai zauna a wurin, kuma wannan sanin ya hana wasunmu barci, ya kuma tsirar da wasu. Maƙabartar ƙauyenmu tana gefen dajin. Inna ta tsufa, takan sa in riƙe mata hannu zuwa ƙarshen gari. Nan muke tsayawa mu yi masa addu'a daga nesa, mu juyo tun rana na sama. Allah ya jiƙansa.