Sunan Kamfanina Ba Na Haya Ba Ne

Morrisania

Ina idar da sallar asuba na fito, gari bai gama wayewa ba. Kamfanina ƙarami ne, aikinmu share gini da goge shi bayan magina sun tashi. Na sha zarya kafin hukumar birni ta ba ni shaidar cewa kamfanin na mace ne baƙar fata, irin waɗanda ake ware wa kaso a kwangilolin gwamnati. Tun bayan azumi ba mu samu aikin kirki ba, sai ga wani babban ɗan kwangila a Staten Island ya kira ni, wai zai gyara makaranta, yana neman irina.

Harlem

Na sauka daga jirgin ƙasa don in ɗauki Anti Ladi, babba a ma'aikatana, 'yar zangon Kumasi kamar ni. A shagon wani Bazabarme muka sha koko da ƙosai a tsaye. Da ya ji inda za mu, ya ce, "Hajiya, ki karanta komai kafin ki sa hannu." Muka sake shiga jirgi har ƙarshen Manhattan.

Kan ruwa

Jirgin ruwan da ke ƙetarawa Staten Island kyauta ne, tafiyar kusan rabin awa. Jama'a duk Manhattan suke kwararowa aiki, mu muna fita, ga kujeru fayau. Anti Ladi sai tsara wa za ta sa a wane bene take yi.

St. George

Bas ta kai mu ofishin ɗan kwangilar. Manajan ya tarbe mu da fara'a da kofi, sannan ya turo mini takarda.

Ya ce, "Ba sai kin kawo kowa ba. Yaranmu za su yi aikin. Sunan kamfaninki kawai za mu sa, ki karɓi kasonki kina zaune a gida."

Na ce, "Mutanena fa?"

"Wannan ke ta shafa. Kowa haka yake yi."

Na tura masa takardarsa. Na ce kason nan an ware shi ne don irinmu su yi aiki, ba don ya rataya sunana a ƙofa ya ci gaba da yadda ya saba ba. In aiki ne, gobe muna nan da kayanmu. In suna ne, ba na haya ba ne. Ya yi dariya, ya ce kafin azahar zai samu wata. Na ce ya samu, amma daga nan ofishin da ya ba ni shaidar na nufa.

Komowa

Muka juyo, har muka yi nisa a ruwa. Can Anti Ladi ta ce, "Salamatu, kin san marayu nake riƙo."

Na ce, "Anti, da na sa hannu, ni kaɗai zan ci. Ke ko tsintsiya ba za ki taɓa ba."

Ta ce, "Na sani. Shi ya sa ban tsoma baki ba."

A Manhattan muka shiga ofishin hukumar. Wata ma'aikaciya ta saurare ni tsaf, ta rubuta, ta ce za a bincika amma ba ta yi mini alkawarin komai ba. Ta dai sa sunanmu a taron da za a haɗa ƙananan kamfanoni da masu ba da aiki a Brooklyn.

Gida

Bayan la'asar muka iso. Ma'aikatana na jira a ɗakin ajiyar kayanmu, na faɗa musu komai ban rage ba. Bashiru, mai goge mana gilasai, ya ajiye makullinsa, ya ce zai koma tuƙin tasi. Ban ga laifinsa ba. Sai Anti Ladi ta miƙe ta ce kowa ya wanke rigar aikinsa, da ita za mu shiga taron Brooklyn, su ga masu aikin da idonsu.

Na gode wa Allah da Ya dawo da mu lafiya, na kuma gode wa waɗanda suka zauna.