Ummusalama Ta Share Sawu

Ummusalama ɗiyar kawuna ce, ni ɗiyar gwaggonta, don haka duk abin da na faɗa a kanta halal ne, in ta ji haushi ta kai ƙara wurin kakarmu da ke kabari. A Gadarif ta ƙasar Sudan aka haife mu, unguwa ɗaya. Ni na taɓa makaranta kaɗan na gudu, ita ko ƙofar ba ta leƙa ba, amma tambayoyin da ke bakinta sun isa a raba wa malamai goma su kwana suna kuka.

Sana'arta girki. Duk kaka, idan dawa ta nuna a manyan gonakin mashru'u na wajen Doka, lori kan ɗauke ta da mijinta Haladu zuwa kambo, wato bukkokin leburori, ta yi ta tuƙa asida, tuwon can, har a gama yanka. A can ta taɓa tsare direban tarakta da tambaya, ina man ke shiga, ina yake fita, me ya sa hayaƙin baƙi ne, har bawan Allah ya bar abincinsa ya tsere cikin dawa. Wai har yau ba a gan shi ba.

To wannan mata ce ta yi wata da watanni tana ganin jini ba lokacin al'ada ba, ta yi shiru. Da ta gaya mini, na ce, "Ke da kike bincikar cikin tarakta, naki cikin fa?"

"Ma'u, bakinki ya fi ki girma," in ji ta. Amma ta yarda mu je asibiti, musamman da muka ji ana duba mata saboda saratan, sankarar bakin mahaifa.

Sai dai ku san halinmu. Matar aure ba ta buɗe jikinta gaban baƙo haka kawai. Kafin ranar, Ummusalama ta yi wa abin shiri sosai: ta zauna a ruwan bagaruwa, ta wanke ciki da waje, ta sa miski, sannan ta hau ramin duhan, wato turara jiki da hayaƙi, ta lulluɓa da bargon shamla, hayaƙin itacen talha yana tashi har maƙwabta suka fito da bokitai. Da muka shiga motar haya, wani tsoho ya tambaya ina amaryar.

Sista Zainaba, ungozomar da ke dubawa, tun daga ƙofa ta shaƙi iska ta ajiye safar hannunta.

"Ya hajja, me kika yi wa kanki?"

Ummusalama ta lissafa mata da alfahari.

"Kin kyauta wa Haladu, ni kin ɓata mini aiki. Ke 'yar kambo ce. Idan shanu suka shiga gona suka yi ɓarna, kina share sawunsu kafin mai bin sawu ya zo?"

"Wa zai yi wannan haukar?"

"Ke. Abin da nake so in shafo in duba, kin wanke shi, wurin kuma bagaruwa ta ɗaure shi. Ki je ki huta da duhan da wanke-wanken ciki, Haladu ma ya yi haƙuri, ki dawo mako mai zuwa yadda Allah ya yi ki."

A nan matsalar take. Lorin kambo zai tashi kafin makon, kuma wanda ya tafi yankan dawa sai an ɗinke buhun ƙarshe yake dawowa. Ummusalama ta fara ɗaure tukwanenta. Ta ce bayan kaka ta dawo. Ni kuwa na ji sista na cewa wannan ciwo ba ya jiran kaka.

Roƙo ba ya kama ta, na sani. Sai na zauna ina kallonta, na ce, "Kin ga kwalbar da ke kan teburin sista? Hal ne. Ruwan tsamin nan da muke zubawa a salatar dakwa, mai niƙaƙƙiyar gyaɗa."

Ta tsaya da igiya a hannu. "Ƙarya kike."

"Na shinshina. Da shi ake dubawa. Amma tafi abinki, ni zan je a yi mini, in kin dawo ba zan gaya miki ba."

"Me hal zai yi a can?"

"Allah ya kiyaye hanya, baiwata."

Lori ya tafi da Haladu da ƙanwarsa a madadinta. Ummusalama ta yi mako ba hayaƙi, tana tafiya a raɓe kamar wadda ta yi sata.

Ranar dubawa ta ce sai an nuna mata komai kafin ta kwanta. Sista ta nuna mata wani ƙarfe mai kamar bakin agwagwa, da shi ake buɗe hanya a ga bakin mahaifa. Ta nuna fitila. Ta nuna ɗan tsinken da ake shafo wurin da shi a goga a gilashi. Sannan auduga da hal ɗin, wanda aka auna ƙarfinsa, ba na kasuwa kai tsaye ba.

Ina bayan labule ina jin su.

"Yana da zafi?"

"Ɗan yaji kaɗan. Ki saki jikinki."

"To me kike jira yanzu?"

"Nama mai lafiya ba ya canza launi. Wanda ya fara lalacewa yakan yi fari."

"Nawa fa?"

Na ji sista ta matso da fitila.

"Akwai fari, gefe ɗaya."

"Saratan ne?"

"Hal ba ya yanke hukunci, nuni kawai yake yi. Daktora za ta tsinko ɗan nama daga wurin, a aika a duba da madubin da ke ƙara girman abu. Shi zai faɗa."

Abin da aka tsinko bai kai ƙwayar dawa ba. Ummusalama ta sa aka ɗaga mata kwalbar, ta daɗe tana kallonsa yana yawo cikin ruwan magani. Ta ce, "Wannan ɗan abin ne ya hana ni kaka?" Muryarta dai ba irin ta kullum ba ce. A hanyar gida ba ta tambayi kowa komai ba, abin da ya tsorata ni fiye da farin.

Da sakamako ya dawo, daktora ta zaunar da mu ta ce wurin ya fara juyawa amma bai zama saratan ba tukuna, kuma za a iya cire shi. Da an bar shi ana ta cewa bayan kaka, da labarin ya bambanta. Aka cire, aka ce ta riƙa dawowa ana dubawa.

Ni na yi kuka, ita kuwa ta gyara zama ta ce, "Daktora, wannan madubin, sau nawa yake ƙara girman abu? Kuma wanda ya leƙa, me ya gani, ja ne ko fari?"

Daktora ta dubi agogo, ta dube ni. Na ce mata ta yi haƙuri, akwai wani direban tarakta da ya riga ta shiga wannan hali.